Ruwan Na'ura

Rowa mugun ciwo ce, amma rowar ruwa ta fi kowace muni. Baƙo raɓa ne, nawa zai sha?

Shekarar farin da saniya ta koma kuɗin akuya, wata ƙungiyar agaji a Zango ta ɗauki Tahiru ya girka manhajar tsara ayyuka a babbar na'urarta, don hatsi ya isa ƙauyuka kan lokaci. Wuta sai dare take zuwa, na'urar kuma ba ta son zafi. Ya sa sakata, ya rataya buhuna a taga yana yayyafa musu ruwan tulu don ɗakin ya yi sanyi.

Aiki ya kai rabi sai ya ji ƙamshin ruwan farko. Wani tsoho na tsaye a bayansa.

"Ɗana, sam mini ruwa." Muryar kamar daga cikin rijiya.

"Baba, na aiki ne. Yi gaba."

"Ƙarfe ya sha, ni ban sha ba?"

Tahiru ya dubi ƙasa. Garin da ya shekara ba ɗigo, ga ƙafafun tsoho sharkaf da ɗanyar laka, sakata kuma tana nan yadda ya sa ta. Ya nemi addu'a, harshe ya ƙi.

Da safe aka tarar tulu ƙaf, na'ura ta ƙone. Hatsi ya makara, aikin Tahiru ya tafi, muryarsa ma ta tafi. Har yau ko randa Tahiru ya shanye, ƙishinsa yana nan.