Shekara Ta Bakwai a Gonar Baban Monica

"Tsaya nan! Kar ki taka min shuka."

Monica ta tsaya cak, takalminta mai tsini ya nutse cikin laka. Shekara huɗu rabonta da muryar nan, amma muryar ba ta taɓa rabuwa da ita ba. Ko a dandamali take a Kaduna, fitila na haska ta, jama'a na tafi, sai ta hango wani a layin baya ya sunkuya kamar mai noma. In ta sake duba, kujera ce ba kowa.

Yau ga shi a zahiri, a gonar babanta da ke gindin dutse a bayan Zuru.

"Haggai..."

Bai ɗago ba. Garma kawai ke tashi tana sauka.

A al'adarsu ta Dakarkari, saurayi ba ya samun mata sai ya yi golmo, wato noman shekara bakwai a gonar uban yarinya. Haggai ya yi shida saboda Monica. A ta shidan ne wata mai sayar da atamfa ta gan ta a bikin girbi na Uhola, doguwa, baƙa, mai wushirya, ta tafi da ita Kaduna tallar kaya. Daga talla sai wasan dandamali, daga nan sai fim. Wata rana aka sa mata farar rigar amarya, aka tsayar da wani ƙato kusa da ita, aka buga hoton a kalandar wani tela.

Hannah, 'yar kawun Monica, ita ta naɗo kalandar ta kai wa uwar Haggai. "Mama Saloma, kin ga an ɗaura mata aure, ko kati ba a aiko ba."

A makon nan Haggai ya shiga soja. Takarda guda ta isa ta kashe wannan wuta, amma Monica ba ta rubuta ba. Wanda tafin jama'a ya cika wa kunne ba ya jin kiran gida.

"Wallahi hoto ne kawai," ta ce. "Ko sunan mutumin ban sani ba!"

"Na sani. Babanki ya faɗa min da na dawo."

"Ka sani? To me ya sa... an ce ran Asabar za ka auri Hannah. Hannah fa! Wadda ta haɗa ƙaryar!"

Sai yanzu ya miƙe. Ya rame, kuma ƙafarsa ta hagu ba ta ɗaukarsa sosai. Da raunin nan aka sallame shi daga aiki.

"Wata biyar ina kwance a asibitin bariki. Hannah ce ke hawa mota daga nan da tuwo a kwano. Mama ta rantse in na kawo ki gida, ita za ta fita."

"In haka ne me kake yi a gonarmu?"

"Ba na barin aiki a rabi. Ba za a nuna ɗana a ce ubansa ya gudu daga golmo ba. Yau nake gamawa."

Ta cire takalman, ta ratso tsakanin dawar, ta zube gabansa cikin taɓo. Hawaye suka ɓalle.

"Masoyina, dube ni! Na bar fim, na bar komai. Ko a bukka ka ajiye ni zan zauna. Ni ba ni da kowa sai kai... in ka bar ni mutuwa zan yi!"

Ya daɗe yana kallonta. Hannunsa ya ɗan taso kamar zai taɓa kanta, sai ya koma kan ƙotar garma.

"Na taɓa ganin wannan kukan."

"Me ka ce?"

"A bariki. Yaranmu suka sa faifanki, ba su san ko ke wace ce a wurina ba. Haka kika durƙusa wa wani mai jar hula. Haka leɓenki ke rawa. Har maganar mutuwar, ita ce dai. Muka yi ta kallo, wani sajan yana share ido."

"Wancan wasa ne! Wannan gaskiya ne, Haggai, na rantse da Allah!"

"Wataƙila." Muryarsa ta yi ƙasa. "Monica, na so in gane bambancin. Tun da kika durƙusa nake nema. Ban gani ba."

Kuka ɗaya gare ta, kuma ta riga ta sayar da shi.

Ya koma bakin aikinsa. Tana nan durƙushe har ya kai ƙarshen gonar, ya kankare ƙasar garmarsa, ya saɓa ta a kafaɗa. Ya bi hanyar gida yana ɗingishi, bai waiwaya ba.

Ran Asabar da safe tana cikin motar Kontagora lokacin da ƙararrawar coci ta fara kaɗawa. Matar da ke kusa da ita ta gane ta, ta yi ta murna tana taɓa mayafinta.

Bayan sati biyu aka kira ta aiki. Darakta ya ce, "To, tauraruwa, nan za ki yi mana kukan nan naki."

Ta durƙusa. Aka jira. Idonta ya bushe ƙayau kamar rafi a watan Maris.

A ƙarshe mai kwalliya ce ta shafa mata man zafi a ƙasan ido. Tun daga ranar, duk hawayen da kuka ga Monica ta zubar a fim, na man zafi ne.

'Yan kallo kuwa cewa suke ta ƙara ƙwarewa.