Baƙin da Suka Zauna a Rumfar Mai Kumfa

Rana ta yi ja a bayan katanga, Mai Kumfa yana naɗe tiyo, sai dutse ya faɗo a kan kwanon rumfar. Ya ɗaga kai. Layin shiru yake, ko kaza babu. Ya ci gaba da naɗi, wani ya sake saukowa, ya gangaro a hankali ya tsaya daidai ƙafarsa. Da ya ɗauka sai ya ji shi a jiƙe, yana ƙamshin sabulun da yake wanke kujerun mota da shi.

Rumfar a ƙofar gidansa take, mota ɗaya take ɗauka. Shi ba mai watsa ruwa a wuce ba ne. Yakan cire kafet, ya zuƙe ƙura, ya bi kujeru da tururi, ya goge jikin mota har mutum ya ga haƙoransa a ƙofa. Aiki irin wannan yana cin rabin yini, saboda haka sai da alkawari ake zuwa, kuma 'yarsa Auta ce ke riƙe waya tana ba kowa lokacinsa. To alkawarin nan shi ya kusa kai shi ƙasa. Mutum zai kira da murya kamar ta waliyyi, ya ce a riƙe masa la'asar. Mai Kumfa ya share rumfa, ya haɗa sabulu, ya sallami masu wucewa, ya kifa bokiti ya zauna. La'asar ta yi sakaliya, a kira, a ji "ina hanya". Magariba ta yi, a kira, waya a kashe. Ya gwada neman kafin alƙalami, suka ce ya raina su. Ya daina, suka ci gaba da shanya shi kamar wanki.

A ranar da aka fara jifan, abin ya kai shi bango. Wani mai jif ya sake shanya shi, ga injin tururi ya yi zafi a banza, sai wani direban tasi ya tsaya yana tambayar ko da wuri.

"Akwai," in ji Mai Kumfa. "Daga yau na daina jiran kowa."

Ya shigar da motar a fusace. Kamar yadda ya saba, ya juya bakin injin ya saki tururin farko a kusurwar rumfa don ruwan da ya kwanta a bututu ya fita. Ranar ko bismillah bai yi ba.

Tun daga nan gidan bai ƙara ganin magariba mai daɗi ba. Da zarar haske ya fara janyewa sai jifa. Wani lokaci a ji an danna oda a cikin rumfar, a fito da gudu, babu mota, sai famfo a buɗe yana zuba. Wannan duk mai sauƙi ne. Auta ce ta daina cin abinci. Takan zauna a bakin gado da waya a kunne, wayar a mace, tana magana da muryoyin maza, daga wannan zuwa wancan.

"Ina hanya. Ga ni nan na kusa. Wallahi wani uzuri ne ya taso."

"Auta, ni ce, dube ni," in ji uwar, tana riƙe da fuskarta.

"A riƙe min wuri," in ji Auta, idonta a kan bango.

Da uwar ta zo canza mata riga, ta ga bayanta ya yi ja ya ɗuri ruwa kamar an ƙona ta, alhali ko kusa da wuta ba ta je ba. Suka kai ta asibiti, aka shafa magani, aka ce sauran ba a ga komai ba. Yarinya tana ta zubewa a gabansu, wuyanta ya fito, muryarta ta gaskiya kuwa ba wanda ya ƙara ji. Tsoro ya kama Mai Kumfa.

"Baban Auta," in ji matar, "in ka tsaya jira a wannan ma, gawa za mu ɗauka."

Ya tafi da kansa ya ɗauko wani tsohon malami mai ruƙiya. Malamin bai cika magana ba. Ya leƙa rumfar, ya daɗe yana kallon kusurwar, sannan ya shiga ɗakin ya zauna kusa da kan yarinyar ya fara karatu. Tun tana kwance shiru har ta fara karkarwa, gadon yana ƙara. Can ta miƙe zaune, ta buɗe baki, sai muryar wata mata ta fito, a dushe, kamar ta wadda ta daɗe tana kuka.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, kuma me ya kawo ki gidan mutane?"

"Tambayi mai gidan. Shi ya kira mu."

"Wallahi ban kira kowa ba!" in ji Mai Kumfa.

"Kullum ka share wuri, ka yayyafa ruwa, ka tsaya bakin titi kana cewa wuri na nan, ku nake jira. Naku ba su zo ba. Mu muka ga inuwa babu kowa, muka shigo da 'ya'yanmu. Ba ka taɓa buɗe baki ka ce an fasa ba. Rannan ɗana yana barci a kusurwa, ka sakar masa wuta a baya."

Uwar Auta ta toshe baki da mayafi. Malamin ya ce wa muryar, ai mutumin nan bai gan su ba, yarinyar kuwa ba ta yi mata komai ba, abin da take yi zalunci ne kuma ta sani. Muryar ta ce to a bar musu rumfar har abada. Mai Kumfa ya buɗe baki zai ce ya bari, malamin ya ɗaga masa hannu.

"Da ita yake ciyar da gidan nan. Nemi wani abu."

"To sai ɗana ya iya tafiya. In ya warke zan sake ta."

"Yaushe ke nan?"

"In ya warke."

Mai Kumfa ya matso kusa da gadon. Ya san irin wannan magana, a cikinta ya tsufa.

"Allah ya gafarta Malam, ta faɗi lokaci," ya ce. "Ki yi wa Allah, ke ma uwa ce. Ki faɗi lokaci."

Auta ta juyo ta dube shi, muryar matar ta sake fitowa.

"Gobe da magariba. Amma kafin nan kada ɗigon ruwa ya taɓa rumfar, kada taya ta taka ta."

Malamin ya sa ta rantse, Auta ta sulale ta kwanta. A bakin ƙofa ya ce wa Mai Kumfa nan gaba in mutum bai zo ba, ya faɗa da bakinsa cewa an fasa, ya ambaci Allah, sannan ya taɓa ruwa.

Washegari, ranar da bai isa ya taɓa soso ba, ranar motoci suka ga damar zuwa. Har da wani mai motocin haya da ya so a wanke masa su duka a ranar. Mai Kumfa ya tsaya a bakin rumfar ya ba kowa haƙuri, wasu suka tafi suna tsaki, ya san ba za su dawo ba. Gidan ba komai sai abin da ba a rasa ba, amma ko a jikinsa. Ya zauna yana kallon inuwar katanga tana rarrafowa.

Aka kira sallar magariba, ladan ya gama, bai ji komai ba. Ya leƙa ɗakin, Auta tana kwance yadda take, leɓenta a bushe. Ya koma ya durƙusa a tsakar gida. An sake yi masa, kuma wannan karon babu lambar da zai kira. Ya kifa goshi a ƙasa yana cewa, "Ya Allah, ita kaɗai, ita kaɗai nake roƙo."

Sai kwanon rumfar ya yi wata ƙara, kamar an sauke masa kaya mai nauyi. A cikin ɗaki aka yi atishawa, aka ƙara. Uwar ta saki salati. Ya shiga da rarrafe, ya tarar da Auta zaune tana murza ido, tana cewa a ba ta ruwa. Ta sha, ta dube shi, ta ga rigarsa a bushe, hannunsa babu alamar sabulu.

"Baba, yau ma ba su zo ba?"

Ya kama hannunta ya riƙe, hawaye yana bin gemunsa.

"Sha ruwanki, Auta. Wadda na jira yau ta cika alkawari."