Hotunan da Aka Kafa a Kankiya

A bakin wani gidan tururuwa Dawuda ya fara ganin Ma'u, a bayan garin Dudunni, shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Tana durƙushe tana tonon tsabar da tururuwa suka tara, tana zubawa a faifai. Shi kuwa yana saɓe da akwatin hotonsa mai ƙafa uku, ransa a jagule.

Mutanenmu ne suka jagula masa shi. So yake ya ɗauki hotunan halin da ake ciki ya kafa a ɗakin karatu na Kankiya, ko Di'o mai mulkin yankin ya gani da idonsa ya sa a kawo hatsi. To amma ka san mu da son rufin asiri. Duk ƙauyen da ya kafa akwati, sai magidanta su ruga su zumbula rigar Sallah, a jeru ana murmushi kamar an ci an ƙoshi.

"Sannu da aiki," ya ce.

Ta yi wuf ta rufe faifan da gefen zane. "Ba aiki nike ba. Wasa nike."

"Da tururuwa?"

"Tahi da akwatinka, Malam. Mu lahiya muke."

Ya yi dariya, amma tausayinta ya riga ya kama shi, kuma daga tausayi zuwa so tafiyar ba nisa. Ya faɗa mata nufinsa, ya roƙi ta bar shi ya ɗauki hannuwanta da faifan kawai, ban da fuska. Ta daɗe tana kallonsa.

"To ɗauka. Ai hannu bai da suna."

Tun daga ranar, ko ina Dawuda zai je daga garinsu Rimaye, sai hanya ta bi da shi Dudunni. Tana kiransa Mai Akwati, yana kiranta Ma'una. In bai samu zuwa ba, ya aika ta hannun goggonta Lami, da ajami:

"Ma'una, ki riƙa cin naki rabon ko kaɗan ne, kada ki bar ma ƙannenki duka. Ina son in same ki da ƙarfinki. Naki, Mai Akwati."

Ma'u ta ce da goggon, "Ki ce mashi in ya daina ramewa, ni ma na daina."

Ana haka aka kafa hotuna. Gajere dillalin hatsi, wanda ya daɗe yana neman Ma'u tana kauce masa, ya leƙa ɗakin karatu ya gane tabon ƙunar da ke wuyan hannunta. Bai zame ko'ina ba sai ƙofar masallacin Dudunni, ya shaida wa mahaifinta Malam Salisu a gaban jama'a cewa an manna ɗiyarsa a bango tana rabon abinci da tururuwa. Malam Salisu kuwa mutum ne da ya yaɓe bakin rumbunsa da laka don a zaci cike yake. Nan take ya rantse mai hoto ba zai ƙara taka ƙofarsa ba.

Saƙon Ma'u ya iso gajere: "Ashe hannu na da suna. Kada ka zo, Mai Akwati, amma ban daina sonka ba."

Dawuda ya kasa ci, ya kasa cire hoton kuma, don a ganinsa gaskiya ya ɗauka.

Ranar kasuwar Kankiya sai ga Malam Salisu da sanda, ya zo yage abin kunyar da hannunsa. Dawuda ya durƙusa ya gaishe shi, ko kallo bai samu ba. Dattijon ya bi bango yana neman hannun ɗiyarsa. Ya ga hoton matan ƙauyen Sukuntuni suna dafa tafasa zalla. Ya ga turame a kife. Tafiyarsa ta riƙa raguwa, har ya tsaya gaban wani tsoho cikin yagaggiyar taguwa, fuska a fili, tsaye jikin rumbun da aka ɗage wa jinka, ba ko zangarniya.

"Wane ne wannan da ya yarda aka yi mashi haka?"

"Babana ne," in ji Dawuda. "Ban iya buɗe na mutane in rufe namu."

Malam Salisu ya jingine sandar. Ya goge ido da hannun riga, bai damu da masu kallo ba.

"Ni da na ɗauka ni kaɗai na kasa riƙe gidana." Ya juyo wajen Dawuda. "Gobe ka taho da akwatinka, zan buɗe rumbuna. Ka taho da wannan dattijon kuma, ina da magana da shi."

Hatsin da aka kawo daga baya bai taka kara ya karya ba, amma ya kai mutane wata damina. Da kaka ta yi, aka ɗaura auren Dawuda da Ma'u a Dudunni, aka sha furar sabon gero. Malam Salisu ya kama hannun angon ya riƙe.

"Cikin babu kuka so juna," ya ce. "Allah ya nuna maku akwai, ya rufa maku asiri da rufin da ba na laka ba."

Jama'a suka shafa. Daga cikin ɗaki, ƙarƙashin lulluɓi, Ma'u ta ce amin tana hawaye.