Takarda a Ƙarƙashin Faifai

Da safiyar Litinin Halima Sadiya tana tsaye a ɗaki da dutsen guga a hannu, tana sauri kafin a ɗauke wuta, sai ta ji wani abu ya ɗan zungure ta daga ciki. Ta tsaya cak. Aka sake, ƙasa da cibiya kaɗan.

"Yallaɓai! Zo da sauri."

Mijinta Mikail ya faɗo ɗakin da buroshi a baki. "Wuta ce ta ja ki?"

"Kawo hannunka."

Ta ɗora hannun a cikinta, suka tsaya suna kallon juna. Can sai ya zabura, buroshin ya faɗi ƙasa.

"Malama, ya motsa. Wallahi bebi ya gaishe ni."

"Rage murya mana, Gwaggo tana tsakar gida," in ji ta, alhali ita ma dariya ta ƙi riƙuwa.

Shekara biyu suna jiran wannan rana. Cikin ya cika wata biyar, kuma takardar sikanin da aka yi mata a asibiti tana nan ɓoye a ƙasan akwati, kullum sai sun fito da ita sun yi musun ina kai ina ƙafa. Amma a duk gidan nan na Ƙofar Wambai, su biyu kaɗai suka taɓa furta zancen. Gwaggo, mahaifiyar Mikail, Bafulatana ce da ta girma a ruga kafin zama ya dawo da su birni, kuma kunyarta ta wuce misali. Mikail ne ɗanta na fari, tun da ta haife shi ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce "wancan". To wa zai tari irin wannan tsohuwa da zancen ciki? Sadiya ta koma zumbula hijabi har ƙasa, ko da zafi zai narka ta.

Ta shirya, ta ɗauki yalo biyu da ɗan curin tsamiya da ta saba tararwa a bakin taga kowace safiya. "Na gode, Yallaɓai," ta ce. Shi kuwa gogan, da yake ba a mayar da godiya, ya amsa da "ba komai" ba tare da ya tambayi ta mece ce ba. Ta saɓa jakarta mai ɗauke da littattafan 'yan aji shida guda arba'in da uku da ta gama maki, ta fito ta durƙusa.

"Ina kwana, Gwaggo."

"Lafiya lau." Gwaggo ta dubi jakar, ta kau da kai. "'Yar nan, aikin nan ya isa haka. Ranar Juma'a ki yi musu sallama."

Sadiya ta ɗago kai. "Gwaggo, wani laifi na yi?"

"Ban ce kin yi laifi ba. Na dai faɗa. Ki gaya wa wancan."

Haka Sadiya ta bi lungunan da ke kai ta makarantar firamaren da take koyarwa a Jakara, murna a ciki, damuwa a rai. Saura mako bakwai yaranta su zauna jarrabawar shiga sakandare, tun suna aji huɗu take tare da su. Kuma ta sani sarai, in ta ajiye aikin yau, gobe da safe an ba wata, don masu jira sun fi a ƙirga. A aji ta yi ta fama da alli da lissafi, tana fita banɗaki a kai a kai. Duk lokacin da ta ɗaga murya sai na cikin ya amsa da ɗan shuri, ta juya ga allo tana murmushi ita kaɗai.

Da aka fita tara ta ba abokiyar aikinta Malama Zainab labari.

"Ai ni na san za a rina," in ji Zainab. "Zance ya zaga unguwarku, wai ƙwaya kike sha don kada haihuwa ta hana ki aiki. Shi ne ya kai kunnen tsohuwar. Ki tattara ki tafi gidanku kawai, yaji ɗaya zai saita kowa."

"In yi yaji a kan me? Mijina bai yi min komai ba, ita kuma uwa ce."

"To zauna nan, Malama mai haƙuri."

Bayan magariba, da Mikail ya rufe shagonsa na takalman fata ya dawo, ta zayyana masa komai.

"Abu ne mai sauƙi," ta ce. "Zato take na ƙi haihuwa. Ka je ka gaya mata gaskiya, shi ke nan."

"Ni? In tsaya gaban Gwaggo in ce mata matata tana da... Haba Malama. Gara ƙasa ta tsage in shige."

"To ni ce zan faɗa? Surukata?"

Ya sosa ƙeya. Nan hawayen da ta riƙe tun safe suka zubo. Mikail ya zauna kusa da ita, duk ya rasa inda zai sa kansa, don yana son matarsa kamar ransa, kuma bai taɓa ce wa uwarsa a'a ba.

"Ki daina kuka, kada bebi ya ji," ya ce. "Gobe zan je. Na yi alkawari."

Ya kuwa je. Ya shafe rabin sa'a a ɗakin Gwaggo, ya yi mata bayanin tsadar fata, da yoyon da soro yake yi, da rasuwar wani maƙwabcinsu na kasuwa, ya fito gumi sharkaf bai faɗi komai ba. Ran Laraba ya sake komawa, ya fito da labarin akuyar da za a yi wa allura. Sadiya ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka, ga Juma'a tana ƙaratowa.

Ran Alhamis da ta dawo daga makaranta ta yi dambu, ta zuba wa Gwaggo a kwano. Sai ta buɗe akwati ta ɗauko takardar sikanin, ta ɗora a kan murfin kwanon, ta rufe da faifai. Ta kai ta ajiye, ta dawo ɗaki da sassarfa ta zauna a bakin gado. Abin da baki ya kasa, in ji ta a ranta, bari takarda ta gwada.

Ba a daɗe ba ta ji murya. "'Yar nan, zo."

Ta tarar da Gwaggo riƙe da takardar, ƙasa a sama, dambun ko taɓawa ba ta yi ba.

"Mene ne wannan baƙi-baƙin?"

Sadiya ta sunkuyar da kai. "Daga asibiti ne, Gwaggo. Don ki san... ba yadda ake faɗa ba ne."

Gwaggo ta ja dogon tsaki, amma ba na faɗa ba. "Ke a zatonki ni makauniya ce? Tun ranar da kika toshe hanci don warin daddawa na sani. Wa kike tsammani yake ajiye miki yalo da tsamiya a taga? Wancan? Wanda ko hularsa sai an nemo masa?"

Sadiya ta ɗago da baki buɗe. "To Gwaggo, me ya sa kika ce in bar aiki?"

Tsohuwar ta daɗe tana shafa bakin faifan. Da ta buɗe baki, bango take kallo.

"Akwai wata yarinya a rugarmu. Kullum ita ke ɗaukar ƙwaryar nono ta kai kasuwa, tafiyar safe har hantsi. Ta samu rabo, na fari. Kunya ta hana ta faɗa. Surukarta ta gane, ita ma kunya ta hana ta cewa ajiye ƙwaryar nan. Kowa ya sani, kowa ya yi shiru. Yana wata biyar, har ya fara motsi, rannan a hanya..." Ta tsaya, ta goge ido da gefen mayafi. "A gindin wata tsamiya aka binne shi. Namiji ne. Ba wanda ya taɓa tayar mata da zancen, har yau."

Sadiya ba ta tambayi sunan yarinyar ba, don ta gane ta. Tausayi ya kama ta har ta manta da nata kukan.

"Kullum na ga kin saɓa jakar nan kin fita," in ji Gwaggo, "ƙwaryar nake gani. Ba na iya cin abinci sai kin dawo."

"Ki yafe min, Gwaggo. Na yi miki mummunan zato." Ta matso ta durƙusa sosai. "Amma nas ta ce aikin ba zai cutar ba. Gobe ranar awo ce. Don Allah ki zo mu je ki ji da kunnenki. In ta ce in bari, wallahi a goben zan bari."

Ta faɗi haka ne da gaske, kuma faɗin ya yi mata ciwo, don ba ta san abin da nas za ta ce a gaban tsohuwar ba.

Washegari Gwaggo ta riga ta shiryawa. A asibitin unguwa nas ta auna Sadiya, sannan ta ɗora mata 'yar na'ura a ciki, sai ga sauti ya cika ɗakin, bugu-bugu da sauri.

"Mama, kin ji zuciyar jikanki," in ji nas.

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Da ta nutsu sai ta shiga yi wa nas tambayoyi, duk a kan "wata yarinya mai koyarwa". Nas ta danne dariya ta amsa mata dalla-dalla: yarinyar lafiyarta ƙalau, tafiya a ƙasa ma amfani take mata, ta riƙa zama in ta gaji, ta ci ta ƙoshi. Abu ɗaya ne ba a so, ɗaukar kaya mai nauyi.

"Ai na faɗa," in ji Gwaggo. Har suka iso gida ba ta ce a bar aiki ba, ba ta ce a ci gaba ba. Asabar da Lahadi suka wuce, Sadiya da Mikail suna ta raɗa a ɗaki, ba wanda ya iya tambaya.

Ran Litinin Sadiya ta shirya, ta saɓa jaka ta fito gaisuwa. Sai ta tarar da Gwaggo tsaye a bakin soro, mayafi a kafaɗa, ta naɗa gammo a ka.

"Miƙo jakar."

"Haba Gwaggo, ai sai mutane su..."

"Miƙo, na ce. Kan nan ya ɗauki abin da ya fi ta."

Ta aza littattafai arba'in da uku a ka, ta wuce gaba ko dafawa ba ta yi, tafiyarta ta 'yar ruga tana nan yadda take. Mikail ya biyo su da takalmi ɗaya a ƙafa yana roƙon a ba shi ya ɗauka. "Ki ce wa wancan ya tafi kasuwarsa," in ji Gwaggo, "kwana biyu yana min zancen akuya." Sadiya ta yi dariya har da riƙe ciki, a fili, ba ta ɓoye ba.

Kunya ado ce, ba mai musu, amma in ta hana faɗin abin da zai tsare rai ta zama cuta. Da Sadiya ta bi zuga ta yi yaji, da ta bar gida da zargin matar da ta fi kowa tsoron abin da zai same ta. Haƙurin mako guda ya bar mata aikinta da mijinta, ya kuma ƙara mata uwa.

A ƙofar makaranta Gwaggo ta sauke jakar, ta miƙa wa Malama Zainab da ta saki baki tana kallo. Sannan ta saci kallon cikin Sadiya, ta dubi gefe, kamar mai magana da bango.

"Ƙarfe nawa kuke tashi, ku biyun?"

"Ƙarfe ɗaya da rabi, Gwaggo," in ji Sadiya.

"To ku jira ni."