Kwanon da Ya Dawo daga Legas

"Ba zan koma ba, Yaya Junaidu."

Zinatu ta faɗa ba tare da ta ɗago kai ba. Suna zaune a zauren gidan iyayenta a Tudun Wada, mijin nata a bakin tabarma, jaka a gefensa, ƙafafunsa sun kumbura saboda zaman mota. Da aka mayar da aikinsa Legas ta bi shi, ta daure har damina ta wuce, sannan ta ce za ta zo ganin gida. Ganin gidan ne har yau bai ƙare ba.

"Zinatuna, laifin me na yi miki?"

"Ina ka ga lokacin yin laifi? Ka fita kafin asuba don gudun cunkoso, ka dawo kana gyangyaɗi a kan tuwo."

Daga bayan labule Inna, mahaifiyarta, ta yi gyaran murya. "Ke Zinatu, inda mijin mace yake nan ne garinta. Haƙuri ake yi."

Haka dai ake faɗa. Sai dai masu faɗar ba su taɓa wuni a bene hawa na uku ba, ƙofa a kulle, babu tsakar gida, babu mai leƙowa aron rariya. Ita kanta Inna iyakar ƙaurarta daga Gyallesu ne zuwa Tudun Wada, unguwa zuwa unguwa a gari ɗaya.

Zinatu ta sassauta murya. "Ka tuna ranar da na kai wa maƙwabciyarmu tuwon shinkafa da miyar taushe? Rabin ƙofa ta buɗe, wai biki muke yi? Ta karɓa tana kallona kamar na zo roƙo. Kwanon ma bai dawo ba, kuma na cikin kayan aurena ne. Na kwanta zazzaɓi, ko mai cewa sannu... Na gaji, Yaya. Ba da kai ba. Da shirun."

Junaidu ya juya gefensa. Ya zuge jaka ya fito da wani abu ɗaure cikin ɗankwali, ya ajiye a gabanta. Tun kafin ta kwance ta gane murfin kwanonta.

"Maƙwabciyar tamu, Maman Bisola, ta tare ni a matakala," ya ce. "Ashe nas ce a asibiti, aikin dare take yi, ranar daga barci kika tashe ta. Wata abokiyar aikinta 'yar Kano ta gaya mata mu ba a mayar mana da kwano haka nan, sai ta rasa me muke ci. Da ta samu abin sakawa ta zo ta ƙwanƙwasa, ta sake zuwa, ba a buɗe ba."

Zinatu ta dube shi. "Ai kai ka ce kada in buɗe wa kowa."

Ya sunkuyar da kai. "Ni na ce. Haka aka ce mini da na je, ni kuma ban tambaya ba... Ki yafe mini. Gidan can ba ya zaunuwa babu ke."

Ta ɗaga murfin. Bandar kifi ce, manya-manya, an jera su a tsanake. Ƙarnin ya cika zauren.

"Me ke ƙarni haka?" in ji Inna.

Zinatu ta daɗe tana kallon kifin. Cunkoson yana nan, benen yana nan, gyangyaɗin ma ta san ba zai fasa ba. Ta goge ido da gefen mayafi.

"In aka ƙwanƙwasa zan buɗe."

"Ki buɗe."

"Kuma ranar Lahadi ba ka fita ko'ina."

"Na ji."

Ta miƙe a hankali, ta rungumi kwanon, ta ɗaga labule.

"Inna, akwai sauran kuka da daddawa?"

"Me za ki yi da su?"

"Kwanon zan cika. Akwai wadda zan koya wa kaɗa miya."