Gashin da Na'ura Ta Dasa

"Ni dai abin da na gani ke nan, an dafa ƙwai an ɓare an ɗaura masa taye."

Sabiha Hanim ta faɗi haka ko ɗagowa ba ta yi ba, tana naɗe shinkafa a ganyen inabi tana jerawa a tukunya. 'Yarta Nergis, mai kiranta Anne, wato Mama, ta dangwarar da wuƙar hannunta a kan teburin kicin.

"Anne, don Allah. Shekararsa ashirin da tara fa."

"Wannan shekarun takarda ne. Kansa kuwa ya ba hamsin baya. Me kike so in ce wa matan unguwa? In ce na raini 'ya kamar ke, na kai ta jami'a, na ɗauka na miƙa wa mai sanƙo?"

Nergis ta cije leɓe don takaici. Wannan magana ta fi shekara ana tafka ta a kicin ɗin nan. Saurayinta Orkun malamin firamare ne a unguwar Kartal, ba ya sha, ba ya caca, shi ke riƙe da mahaifinsa tun da mahaifiyarsa ta rasu. Laifinsa guda ne, gashin gaban kansa ya yi masa sallama tun yana aikin soja. Ita Nergis ko a jikinta, ta sha gaya masa haka take son kayanta. Amma je ka fahimtar da Sabiha Hanim.

Maigidan kuwa, Hikmet Bey, nasa ra'ayin daban ne. Tsohon matuƙin jirgin fito ne, kuma kafin ya ajiye aiki ya gaji da ganin baƙi daga ƙasa-ƙasa masu zuwa dashen gashi suna cika masa jirgi da kawuna a naɗe da bandeji suna ɗaukar hoto. Sunan da ya sa musu shi ne "manoman kai". Duk sanda ya hango ɗaya a titi sai ya yi tsaki ya ce namiji ya lalace.

A tsakiyar hutun makaranta Orkun ya ɗauke ƙafa. In ta kira shi ta bidiyo sai ya katse ya rubuto mata cewa mura ce. Ana cikin haka Baffa Rustem, yayan Hikmet Bey, ya sauka daga Jamus, maigida ya dubi Nergis ya yanke magana a kan teburin cin abinci.

"Ki gaya wa yaron nan su zo neman aure ranar Lahadi, tun Yaya yana gari."

Cokali ya suɓuce daga hannun Sabiha Hanim. "Wace Lahadin? Ba cewa aka yi sai ƙarshen shekara ba?"

"Da ke aka yi, ba da ni ba."

Nergis ta ruga ɗaki ta kira Orkun cike da murna.

"Nergis... ba za a iya ɗagawa ba? Ko da wata biyu ne."

"Ɗagawa? Shekara guda ina dambe da gidanmu a kanka, yau an buɗe maka ƙofa kana ce min a ɗaga? In ka fasa ne ka fito fili ka faɗa min."

"Ban fasa ba. Za mu zo."

Suka zo ɗin bayan la'asar, shi da mahaifinsa Nuri Bey, da furanni da faranti cike da cakulan. Nergis ta buɗe ƙofa ta tsaya tana kallon Orkun. Kwat dai ta zauna masa, amma a kansa ga wata faffaɗar hular masunta ta rufe har gira, fuskar ta kumbura, idanun sun kusa ɓacewa. Ya durƙusa ya sumbaci hannun Hikmet Bey, sai dai bai kai hannun goshinsa ba, abin da ko yaron da ya fara tafiya ya san ana yi. Ya saki hannun dattijon a iska haka nan. Hikmet Bey ya dubi hannunsa, ya dubi ɗan'uwansa.

A kicin Nergis ta dafa kofi. Ta jawo gishiri za ta zuba a na saurayi kamar yadda ake yi don gwada haƙurinsa, uwar ta riƙe mata hannu.

"Kada ki sa masa. Kofin ma ki rage."

"Yau kuma ke ce mai tausayinsa?"

Don haushi sai da ta zuba cokali biyu. Orkun ya shanye tas, ko gira bai motsa ba.

Nuri Bey ya gyara murya. "Da umarnin Allah, bisa sunnar Manzonsa, mun zo..."

"Dakata, Nuri Bey," in ji maigida. "A falona ba a zama gaban manya da hular kamun kifi."

Baffa Rustem, mutum mai son wasa ko a gidan makoki, ya miƙa hannu zai fizge ta.

"Kada ka taɓa!" Muryar Sabiha Hanim ce, har kofuna suka amsa.

Orkun ya sa hannu biyu ya ɗaga hular a hankali. Kan a aske yake ƙwal. Daga goshi zuwa tsakiya wasu ƙananan jajayen ɗigo ne jere-jere da ɓawon jini a kansu, ƙeya a manne da auduga, ga baƙin maɗauri ya zagaye goshin.

Baffa Rustem ya tuntsire da dariya. "Au, dashe ne. Da hannu aka yi maka ko da robot ɗin nan?"

"Da na'urar ne, Baffa," Orkun ya amsa kansa a ƙasa. "Ka kifa fuskarka a kujera, hannun ƙarfen yana duba ƙeyarka da kyamara, ya zaɓi saiwar gashi ɗaya bayan ɗaya yana cirewa, likita na bin sa a allo. Daga nan a dasa a gaba. An hana ni taɓa wurin, shi ya sa ban kai hannun Baba goshina ba. A gafarce ni."

"Wa ya sa ka?" in ji Hikmet Bey.

Orkun ya ƙura wa darduma ido. "Babu kowa. Ni na sa kaina."

"To. Na bincika a kanka, kowa ya ce mutumin kirki ne, kuma sanƙonka bai taɓa hana ni barci ba. Amma namijin da zai kwanta ƙarfe ya tsattsage masa ƙeya don madubi ya yabe shi, gobe in 'yata ta haihu jikinta ya canja, ita kuma ina za ka kai ta a gyara? Nuri Bey, ka yi haƙuri. Ku gaida gida."

Nergis ta sha kuka har muryarta ta dishe. Abin da ya fi ci mata rai ba korar ba ce, a'a, wato duk rantsuwar da take yi masa cewa haka take son sa, ashe bai taɓa yarda ba. Ta kira shi ta wanke shi tas, shi kuwa ba abin da yake maimaitawa sai "ki yi haƙuri". Wallahi da a gabanta yake da ta jefe shi da wayar.

Sai da aka kwashi makonni kafin ta yarda suka haɗu a tashar jirgin ruwa ta Uskudar. Ya cire hula ya gaishe ta, ta ga abin takaici. Ɗan gashin da aka dasa duk ya kakkaɓe, gaban kan ya koma fili fetal, sai jan tabo da ya ƙaru a kai.

"Madalla," ta ce. "Ka rasa ni, ka rasa gashin."

"Likita ya ce haka yake yi. Sai ya zube tukuna, saiwar tana nan a ciki, bayan watanni ta tsiro."

"Ni kuma saiwata a ina ka dasa ta? Orkun, ka dube ni ka gaya min abin da ya kai ka."

Ya juya yana kallon ruwa. Ta hau jirgi ta bar shi a tsaye.

Ta iske uwarta tana guga. Sabiha Hanim ta rame a 'yan kwanakin nan, tsiyar sanƙo ma ta daina yi. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ya fara zuba ko? Ki ce masa kada ya tsorata. Ya dai riƙa gudun rana, kuma kada ya sosa."

Nergis ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu. "Anne, ina kika san zai zuba?"

"Haka... haka ake faɗa."

"Wa ke faɗa? Ke da kika hana ni sa masa gishiri. Ke da kika daka wa Baffa tsawa tun ba a ga abin da ke ƙarƙashin hular ba."

Dutsen guga ya zauna a kan rigar maigida har ta fara ƙauri. Sabiha Hanim ta zube a kujera ta fashe da kuka. Ita ce ta kira Orkun wani lambun shan shayi a ɓoye. Ita ta ba shi sunan asibitin da aka yi wa ɗan maƙwabciya. Ta ce masa in bai gyara kansa ba, muddin tana numfashi ba zai taka ƙofarta ba, sannan ta sa ya rantse da kabarin mahaifiyarsa ba zai gaya wa kowa ba. Lissafinta, kafin ƙarshen shekara gashi ya rufe, maigida ba zai taɓa sani ba.

"Don ke na yi, 'yata. In babanki ya ji, ba zai ƙara kallona da mutunci ba."

Nergis ta shige ɗaki ta kira Orkun tana haki. "Yanzun nan zan je in gaya wa Baba."

"Kada ki je."

"Kai wane irin mutum ne? An ci mutuncinka a gaban mahaifinka!"

"Na sani, ina wurin ai. Amma uwarki ce, Nergis. Ni na rasa tawa, na san yadda gida yake in babu ita. In ke kika tona ta, za mu yi aure, amma ke da ita kun rabu ke nan. Ki bar ta ta faɗa da bakinta."

"In ba ta faɗa ba fa?"

"Sai mu jira."

Jira. Kalmar da ta fi tsana a duniya ke nan a lokacin. Ta jira ɗin dai, tana zuba wa uwarta shayi kullum safiya ba ta ce mata ci kanki, uwar kuma ta kasa haɗa ido da ita. Aka koma makaranta, Baffa Rustem ya koma Jamus, Sabiha Hanim ta ƙi buɗe baki. Sau nawa Nergis take isa ƙofar falo da maganar a bakinta, ta tuna muryar Orkun, ta juya tana jin kamar ta fasa ihu.

Wata Asabar suna karin kumallo, Hikmet Bey yana shafa zuma a burodi ya ce, "Na ga manomin nan naku a masallaci jiya. Ya zo ya gaishe ni kamar ba abin da ya faru, kai jajir ba ko sili. Har ya ba ni tausayi. Maraici ne. Da uwarsa tana raye, wace uwa ce za ta bar ɗanta ya yi wa kansa wannan wauta?"

Sabiha Hanim ta ajiye burodinta.

"Hikmet Bey, ni ce. Ni na tura shi."

Ta zayyana komai, har rantsuwar. Maigida ya daɗe yana juya cokali a shayin da sukarinsa ya narke tuntuni.

"Wato ya zauna a falona, na zage shi a gaban ubansa, ke kina zaune yana ganinki, bai ce uffan ba?"

"Bai ce ba."

"Ke kuma kin sani?" Ya dubi Nergis.

"Daga baya na sani, Baba. Shi ya hana ni faɗa. Ya ce kada in tona uwata."

Hikmet Bey ya share fuska da tafin hannu. "Miƙo min waya in ba Nuri Bey haƙuri. Wata mai zuwa za a ɗaura aure."

"Wata mai zuwa?" Sabiha Hanim ta ɗago da jiƙaƙƙun idanu. "Ai gashin bai isa fitowa ba..."

"Na sani. Shi ya sa."

Haka aka yi. Ango ya shiga zauren biki da kansa yana ƙyalli a ƙarƙashin fitilu, amarya riƙe da hannunsa tana murmushi har kunne. Gashin kuwa sai da sanyi ya wuce ya tsiro, baƙi wuluk, lokacin ba wanda ya damu da shi sai mai aski.

Iyaye mata, ku ji tsoron Allah, ku daina auna mijin 'ya'yanku da bakin matan unguwa. Na'ura ta iya dasa gashi, amma ba a ƙera wadda za ta dasa wa mutum halin da zai sha zagi a gaban ubansa don ya rufa wa uwar wani asiri ba. Ku kuma 'yan mata, haƙurin da ya fi ɗaci shi ne wanda kike da gaskiya a hannu kika riƙe ta don kada gidanku ya fashe, kuma Allah ba ya barin irinsa ya tafi a banza.

Hoton bikin yana rataye a falon Hikmet Bey, Sabiha Hanim ce da kanta ta zaɓi mafi girma. Kwanaki wata baƙuwa ta tsaya a gabansa ta ce, "Wannan mai sanƙon fa, wane ne?"

Sabiha Hanim ta ajiye mata shayi ta ce, "Ɗana ne."