Kwamfutar Injin Surfanin Hajiya Zulai

Ana sakkowa daga masallacin Juma'a Hajiya Zulai ta buɗe shagonta na surfani da ke Tudun Wada a Gusau, ta tarar da teburin gefen inji wayam. Sabuwar kwamfutar laftof da ke tuƙa injin ta yi ɓatan dabo.

Sufeto Bello Mada ya iso kafin la'asar. Ƙaton mutum ne mai sanyin magana, kuma al'adarsa ce ya fara duba abin da ɓarawo ya bari kafin ya tambayi abin da ya ɗauka. Kwaɗon ƙofa lafiyarsa ƙalau. Wayar Hajiya tana nan jone a caji inda ta manta da ita. Ga shaddoji masu tsada jibge a kan kanta, ko ɗaya ba a taɓa ba.

"Hajiya, ban da kwamfutar, mi aka ɗauka?"

"Yallaɓai, wasu tarkace ne kawai. Wayar da ke haɗa ta da inji, sai wani tsohon maus da muka naɗe da jan salatif."

"Maus?"

"Ɗan linzamin nan da ake ja a kan tebur, kibiya ta motsa. Ko kyauta ka ba wani ba zai karɓa ba."

Bello ya juya ya dubi injin, wani dogon ƙarfe mai allurai jere. Hajiya ta yi masa bayani. Injin tsoho ne, ta saye shi na hannu, kuma manhajarsa ba ta aiki sai a kan Windows 7. Da tsohuwar kwamfutarta ta mutu ta sayi sabuwa, injin ya ƙi saninta, sai da wani mai gyara a Tsafe, Abdulaziz, ya sauke sabon Windows ɗin ya ɗora mata tsohon. Duk zanen da ta tara tun buɗe shago yana ciki, har da na kayan wata amarya da ta yi alkawarin bayarwa ranar Laraba.

"In babu ita, wannan injin gungumen ƙarfe ne kawai," in ji ta.

Mutum uku ke riƙe da makulli: Hajiya, da Maimuna mai zana surfanin a kwamfuta, da Haliru mai ɗaura yadi da zare a inji. Bello ya fara da Maimuna, wadda idanunta suka yi ja.

"Ina kike lokacin salla?"

"Gida na tafi ba jaririyata nono, Yallaɓai."

"Mi ya sa kuke amfani da tsohon maus ga sabuwar kwamfuta?"

"Tun da aka sa tsohon Windows, wurin da ake shafawa da yatsa ya daina aiki. In babu maus ko kibiya ba ta motsi."

"Za ki iya kwashe zanen zuwa filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a ajiye aiki?"

"Kullum ma ina yi, in zan ƙarasa aiki a gida. Hajiya ta sani."

Bello ya gyaɗa kai ya sallame ta. Ya kira Haliru, wani siririn mutum mai tsaf-tsaf, wanda ya shekara takwas a shagon.

"Ni masallaci na tafi, Yallaɓai. Kuma ni da kwamfutar ga ba mu haɗa hanya ba. Ko kunna ta ban iya ba. Zare da allura ne nawa."

Hajiya ta katse su daga bakin ƙofa. "Yallaɓai, an ce ana iya bin sawun irin waɗannan ta intanet. Don Allah a gwada."

"Ai wagga ba ta shiga intanet, Hajiya," in ji Haliru. "Sai dai haƙuri."

Bello bai ɗaga kai ba. Da zai fita ya ja Maimuna gefe ya tambaye ta ko ta san kwamfutar ba ta shiga intanet. Ta ce ba ta sani ba, don ba su da shi a shagon, ba ta taɓa gwadawa ba.

Washegari da hantsi ya kama hanyar Tsafe shi da wani kofur. Rumfar Abdulaziz tana kusa da tasha, cike da gawarwakin kwamfutoci. Da ya ji abin da ya kawo su sai ya ajiye sukudirebansa.

"Ranka ya daɗe, na san za a fara zargina, tunda ni na san cikinta."

"Faɗa mini yadda ka yi aikin."

"Wahala na sha. Sabbin nan an ƙera su ne don sabon Windows. Sai da na shiga saitin can ciki na kashe wani tsaro da ke hana ta tashi da tsohon, sannan na cusa ƙananan manhajojin da za su sa ya gane ramukan filas, in ba haka ba yana fara lodi sai ya tsaya cak. Ta tashi dai, amma abu biyu suka gagare ni: wurin shafa yatsa da intanet."

"Da kai ka sace ta, mi za ka yi da ita?"

Abdulaziz ya yi dariyar dole. "In goge ta, in mayar da sabon Windows, in sayar. Tsohon ai rage mata daraja ya yi."

"Da maus ɗin fa?"

Ya nuna wani kwali cike da su. "Ranka ya daɗe, ga su nan kamar ɓeraye."

"Wa ka gaya wa cewa ba ta shiga intanet?"

"Ko Hajiya ban gaya wa ba, don ba ta buƙata. Af, akwai wani Yahaya Tambaya daga Bungudu. Kwanakin baya ya kawo tasa sabuwa, wai in sa mata tsohon Windows, ya sayi injin surfani irin na Hajiya. Na yi iya yina ta ƙi, samfurinta ya fi na Hajiya sabunta, ba ta da hanyar. Sai ya ce ai ta Hajiya Zulai ta yi. Har ya tambaye ni ko ita tana shiga intanet, na ce a'a."

Bello ya miƙe ya gyara hularsa. "Ci gaba da aikinka, Malam Abdulaziz."

Suka ratsa Gusau ba su tsaya ba, suka miƙe Bungudu. Ba su sha wahalar nema ba, ƙarar injin ce ta kai su wani sabon shago a bayan kasuwa, ko fenti ba a gama yi masa ba. Wani mai ƙiba yana tsaye yana kallon allurai suna zuba zinariyar fulawa a kan yadi. A gefensa ga kwamfuta a buɗe, ga maus mai jan salatif.

"Kai ne Yahaya Tambaya?"

"Ni ne. Lafiya?"

"Kwamfutar nan taka ce?"

"Tawa ce, a Kano na saya."

"To kunna mini intanet ɗinta mu gani. In ya gagara, cire maus ɗin ka motsa kibiyar da yatsa."

Yahaya ya dubi kwamfutar, ya dubi kofur da ya tare ƙofa. "Yallaɓai, aro aka ba ni."

"Wa ya ba ka?"

Bai ja da nisa ba ya ambaci sunan.

Da yamma Bello ya tara su a shagon Hajiya, ya ajiye kwamfutar a kan teburinta. Haliru na ganin Yahaya a bayan kofur ya nemi kujera ya zauna.

"Ɓarawon kasuwa wayar salula zai ɗauka da shadda," in ji Bello. "Wannan ya bar su ya ɗauki tsohon maus da wayar inji. Ke nan ba sayarwa zai yi ba, aiki zai yi da ita yadda take, kuma ya san ba ta motsi sai da maus. Abdulaziz ba ya buƙatar tsohon Windows, kuma ba shi da makulli. Maimuna in zane take so, filas ya ishe ta, ba sai ta jawo 'yan sanda ba. Saura mai makulli na uku." Ya juya ga Haliru. "Ka ce ko kunna ta ba ka iya ba, amma ka san ba ta shiga intanet, abin da mai aiki da ita kullum ba ta sani ba. Mutum ɗaya Abdulaziz ya gaya wa, ga shi nan tsaye. Kun tabbatar ba za a bi sawunta ba, kuka jira gari ya tafi masallaci."

Haliru ya sunkuyar da kai. Ya ce shi da Yahaya suka haɗa hannu suka sayi injin na Bungudu, ya sa duk abin da ya mallaka a ciki, sai ga shi ya ƙi tashi. Ya ce ya gaji da ɗaura zare a shagon wani.

Hajiya ta dube shi. "Haliru, da ka ce mini kana son tsayawa da ƙafarka, da ni zan kai ka Tsafe a nemo maka tsohuwar kwamfutar da za ta yi. Zane ma da na ba ka na fara kasuwa."

Kofur ya fita da shi da Yahaya.

Maimuna ta jona wayar injin, ta kunna kwamfutar, zanen amarya ya bayyana cif. Sai ta dubi kujerar Haliru da babu kowa. "Hajiya, wa zai ɗaura mana yadin?"

Hajiya Zulai ta cire mayafinta ta rataye a ƙusa, ta naɗe hannun riga.

"Kafin in ɗauki kowa aiki, wa kike tsammani yake ɗaurawa? Miƙo mini zaren zinariyar nan."